Baƙon da Ya Ƙi Goyo

Wanne ne girmama dattijo: ka hau bayansa, ko ka ƙi hawa? Shekara uku ke nan ina juya wannan tambaya, galibi ina zaune a gindin kwale-kwale riƙe da sandar inji, kuma duk amsar da na samu da safe takan tsage kafin rana ta take. Na tambayi Fada bayan an tashi daga coci, ya ce in rage tunani in ƙara kamun kifi. Na duba littattafan da baƙi suke mantawa a ɗakunansu, waɗanda da su na koya wa kaina Turanci tun da na bar makaranta a aji biyar. An yi maganar sarki da bawa, an yi maganar mai hali da talaka, amma ban ga wanda ya yi maganar goyo ba.

Mota ba ta zuwa Anse Lalo. Duk wanda zai zo mana, ni Clency nake ɗauko shi daga inda kwalta ta ƙare. Idan ruwa ya janye, kwale-kwalena yakan tsaya kamar taku sittin kafin busasshen yashi, kuma a cikin takun nan akwai duwatsu masu kaifi, akwai laf, kifin nan mai kwanciya kamar dutse wanda ƙayarsa take sa ƙaton namiji ya kira uwarsa. Wannan taku sittin ɗin na Ton Rosaire ne, wato Kawu Rosaire a harshenmu. Shekara arba'in da huɗu yana shigowa cikin ruwa, ya juya wa kwale-kwale baya, ya ɗan rusuna, ya bubbuga kafaɗarsa sau biyu. Ya goyi amare da fararen rigunansu, ya goyi likita, ya goyi firji, ya goyi alade mai ciki. Ranar da aka dawo da ni daga asibiti ina jariri, shi ya goyi uwata, ni kuma ina ɗaure a bayanta, goyo a kan goyo. Mu 'yan gari mun san hanya, da ƙafarmu muke takawa. Goyo na baƙo ne, da mara lafiya, da amarya. A nan idan an ce wane ya iso, ana nufin Ton Rosaire ya sauke shi a kan yashi.

Ɗan guntun mutum ne, siriri, kansa fari fat, amma ƙwaurinsa kamar saiwar tsamiya.

Baƙon ya zo ranar wata Talata a watan Oktoba. Sunansa Wiebe Hoekstra, daga Holan. Bakinmu ya kasa, muka mai da shi Misie Wibe. Da ya shigo kwale-kwale sai da na sa shi ya koma tsakiya, don gefen da ya zauna ya kusa shan ruwa. Dogo ne, kakkaura, da hula mai faɗi da jaka ɗaya tal. Na tambaye shi ko iyali suna tafe a baya.

"Ni kaɗai ne," in ji shi. "Matata ba ta son zafi, ba ta son jirgin sama, ba ta son kifi. Ta ce in je in kawo mata labari, amma gajere."

Tun a hanya na ji ina son mutumin. Duk abin da ya gani sai ya yi masa dariya kamar yaro: launin ruwa, tsuntsun da ya saci kifi, awakin da ke tsaye a kan dutse. Ya ce shekara talatin yana tara wa wannan tafiya buri.

Mun iso ruwa ya janye sosai. Na kashe inji. Mata suna zaune a bakin yashi suna shanya urit, dabbar tekun nan mai hannu takwas, a kan sanduna, kowace ta baje masa hannuwansa, Matant Noëlette, wato Goggo Noëlette, mai masaukin baƙi, tana tsaye da lema tana jiran baƙonta. Ton Rosaire ya shigo ruwa a hankali, ya iso, ya juya baya, ya rusuna, ya bubbuga kafaɗa sau biyu.

Misie Wibe ya dube ni. "Me yake yi?"

"Goya ka zai yi zuwa gaɓa."

Dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke kamar an hure fitila. "A'a," ya ce. "Ka ce masa na gode ƙwarai. Amma ni ba na hawa bayan mutum. Balle dattijo."

"Aikinsa ne, Misie. Kowa hawa yake yi."

"Ban da ni."

Ton Rosaire bai juyo ba, yana nan a rusune. "Clency, me yake cewa? Ruwa ba ya jiran hira."

Wannan wurin ne nake yawan komawa a raina. Da na ce masa baƙon yana da maruru a inda ba a faɗa, da an yi dariya magana ta ƙare. Amma a lokacin ina karanta wani littafi da ya ce ƙarya ko ƙanƙanuwa ce raini ce ga wanda aka yi wa. Sai na faɗi gaskiya.

"Ton, ya ce ya gode, amma ba ya hawa bayan dattijo."

Misie Wibe ya zaro wasu takalman roba masu kaurin ƙasa daga jakarsa, ya saka, ya dira cikin ruwa, ya ɗora jakar a kansa. Na ce a raina, to, yanzu dutse zai koya masa abin da baki ya kasa. Ko ƙwarzane bai samu ba. Ya taka taku sittin ɗin nan kamar a tsakar gidansa, ya hau yashi, ya ɗaga hannu yana murmushi, har ya juyo ya ɗan rusuna wa Ton Rosaire don girmamawa.

Ton Rosaire ya miƙe. Ya fito daga ruwa hannu rabbana, bayansa ba kowa, abin da ban taɓa gani ba.

"Rosaire, yau ka samu hutu!" in ji wata daga cikin masu shanya.

"Baƙo ma daga nesa ya hango furfurar."

"Ku ƙyale shi, gobe mu za mu goya shi zuwa gida."

Wasa suke yi, irin wanda suka saba yi masa kullum, shi kuma yakan rama har ya fi su. Ran nan bai rama ba. Ya ɗauki rigarsa daga kan dutse ya bi hanyar gida.

Washegari bai zo bakin ruwa ba. Jibi ma haka.

Shi kuwa Misie Wibe hutunsa yake ci, bai san wainar da ake toyawa ba. Kwana biyu rana ta mai da shi ja wur, hancinsa ya fara saɓa, Matant Noëlette ta bi shi da ruwan ganye tana shafa masa tana faɗa kamar ɗanta. Ta ba shi tuwon masara da jan wake da yajin lemun tsami, ta ce ya ɗan taɓa yajin kaɗan. Ya ɗebi cokali guda ya kai baki, hawaye suka zubo, ya ce a ƙaro. Da sassafe yakan bi mata zuwa farautar urit, riƙe da ƙarfen da suka ara masa, bai taɓa kama ko ɗaya ba, amma wani urit ya taɓa kama shi a hannu, ya yi ihun da ya sa karnuka haushi har bayan tudu. Da yamma yana gindin bishiya a bakin kanti ana wasan domino, ana cinye shi, yana tafa wa wanda ya cinye shi. Sauran lokacin yana kwance a cikin ruwa mara zurfi da hularsa a fuska, cikinsa a sama kamar wani ƙaramin tsibiri da aka manta ba a sa wa suna ba.

Kowa yana son sa. Abin da ya dame ni ke nan. Da mugu ne, da na san inda zan ajiye shi.

Ranar Juma'a na kawo wata mata da mijinta, ruwa a janye, ba Ton Rosaire. Muka zauna cikin kwale-kwale sa'a biyu a rana muna jiran ruwa ya dawo, matar tana zagin mijin da ya zaɓi wurin. Da yamma na je gidansa. Na same shi a gindin mangwaro yana saƙa kwandon kamun kifi. 'Yarsa Solange, wadda take aikin jinya a asibitin Port Mathurin, ta zo hutun ƙarshen mako, tana wanke shinkafa.

"Ton, yau baƙi sun gasu a rana."

"Su sayi takalmin roba."

"Mutum ɗaya ne fa ya ƙi."

"Mutum ɗaya ne ya faɗa. Sauran kunya ce ta hana su." Bai ɗago kai ba. "Shekara nawa ke nan suna hawa suna tausayina a ciki ban sani ba?"

Solange ta ce, "Papa, ai ni shekara biyu ina faɗa maka. Likita ya ce gwiwar nan ta hagu..."

"Likitan da na goya?"

"Shi ɗin."

"Lokacin da yake bayana bai ce komai game da gwiwata ba. Addu'a kawai na ji yana yi."

Ta rako ni bakin ƙofa, ta rage murya. "Clency, kada ka lallashe shi ya koma. Allah ne ya kawo mana baturen nan. Abin da na kasa da baki, shi ya yi da takalmi."

Na tafi gida da kaya biyu a kai. Gaskiyar Solange, gwiwar ba ta da kyau, na sha ganin yana dafa ta idan yana zaton ba mai kallo. Amma kwana uku kacal, mutumin da na bari a gindin mangwaro ya tsufa fiye da yadda shekara arba'in da huɗu na goyo suka tsufar da shi.

Misie Wibe da kansa ya tono maganar. Ranar Lahadi na kai shi wani ɗan tsibiri kallon tsuntsaye, muna dawowa ya ce, "Ina dattijon nan na ranar farko? Na so in gaishe shi."

Na fara auna ko in ɓata wa mutum hutun da ya yi shekara talatin yana jira. Sai na tuna tun farko gaskiya ce ta jefa mu a ciki, bari in ga ko za ta fitar da mu. Na faɗa masa duka, har da maganar matan.

Ya cire hula. "Amma girmama shi na yi!"

"Na sani."

"To shi bai sani ba?"

"Ya san ka ce dattijo ne. Kuma ya ga ka wuce lafiya ba tare da shi ba, a gaban mata."

Sannan ya ce in kai shi gidan.

Ya tafi da kwalbar zuma da ya saya a kanti. Ton Rosaire ya karɓe mu yadda ake karɓar baƙo, ya sa Solange ta kawo kujeru da ruwan lemo, ya ci gaba da saƙarsa. Ni ne a tsakiya ina juya magana.

Misie Wibe ya ba da haƙuri, dogon haƙuri mai kyau. Ton Rosaire ya ce ba komai, a muryar da ke nuna akwai komai. Sai baturen, don neman gyara, ya ce ya yi wani tunani.

"Ka ce masa, gobe a gaban kowa ni zan goya shi daga kwale-kwale zuwa gaɓa. Sai mu zama daidai."

Na dube shi. "Misie, ka tabbata in faɗa?"

"Faɗa mana."

Na faɗa. Solange ta toshe bakinta da zane. Ton Rosaire ya ajiye kwandon.

"Tambaye shi, ni amarya ce?"

"Ya ce a'a, Ton."

"Ba ni da lafiya?"

"A'a."

"To baƙo ne ni a Anse Lalo? A nan aka binne cibiyata. Ya zo daga ƙarshen duniya ya goya ni zuwa garinmu! Clency, ka ce masa ya sha lemonsa."

Garin neman gira an kusa rasa ido. Misie Wibe ya ƙara yin ja a kan jan da rana ta yi masa. Ya laluba aljihu ya fito da wayarsa, ya nemo wani hoto, ya miƙa. Tsohon hoto ne mara launi. Wani bature da farin kaya da farar hula yana zaune a kujera, an ɗaura kujerar a kan sanduna biyu, mutum huɗu marasa riga suna ɗauke da ita a kafaɗa a kan hanyar dutse.

"Kakana ne," ya ce. "A can gabas, lokacin da mutanenmu suke mulkin ƙasar wasu. Hoton nan yana rataye a falonmu ina yaro, ana alfahari da shi. Ina da shekara goma sha shida na sauke shi, na yi wa kaina alkawari ba wanda zai taɓa ɗaukar nauyina a bayansa. Shekara hamsin ban karya ba."

Na juya maganar a hankali, don ta shige ni. Na ɗauka Ton Rosaire zai yi shiru. Sai ya aika Solange ta ɗauko masa tabarau, ya riƙe wayar nesa, ya ƙura wa hoton ido kamar mai duba injin da zai saya.

"Wa ya ɗaura musu wannan kujera? Ta yi baya da yawa. Duk nauyin yana kan na bayan nan biyu." Ya nuna da farce. "Wannan na hagun ma kafaɗarsa ta riga ta tafi. Dubi yadda ya karkace."

"Ya ce me?" in ji Misie Wibe.

"Yana duba aikin."

Ton Rosaire ya ce, "Tambaye shi sunan na hagun."

Misie Wibe ya girgiza kai. Bai sani ba. Kakan ma, in ji shi, da wuya in ya sani.

"To ni sunana Rosaire Bégué. Ubana Wenceslas, shi ya fara aikin nan da ya ga wata baƙuwa ta taka laf. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya sa ni." Ya mayar da wayar. "Kakanka ne ya hau waɗannan, ni kuma aka sauke. Ina ruwana da su? Ko ka san su ne, Clency?"

Na ce ban san su ba.

Kaza ta zo ta leƙa kofin lemo, Solange ta kore ta. Sai Ton Rosaire, wanda ko yana fushi ba ya iya barin baƙo zaune ba hira, ya tambayi aikin da baturen yake yi a ƙasarsu.

"Gada nake buɗewa," in ji Misie Wibe. "Garinmu duk magudanan ruwa ne. Idan jirgin ruwa ya zo, in tsayar da motoci, in ɗaga gada, ya wuce, in sauke. Shekara talatin da ɗaya. Na san kowane matuƙi da sunan karensa."

"Yanzu fa?"

"Sun sa kyamara. Wani yaro a wani gari yana danna maɓalli, gada goma sha biyu shi kaɗai. Suka yi mini walima, suka ba ni agogo, shugaban ya ce, Wiebe, ka yi wahala, yanzu sai ka huta."

"Ka ji daɗi?"

Na jira in juya amsar, amma ba ta zo ba. Ton Rosaire ya ɗauki kwandonsa ya ci gaba da saƙa.

A hanyar komawa baturen bai yi dariya ga komai ba, har awaki. Can ya ce, "Nauyina kilo ɗari da goma ne, Clency."

"Ya goyi firji."

"Yana da shekara nawa a lokacin?"

Na gaya masa abin da Solange ta ce game da gwiwar, don ban ga dalilin da zan ɗauki kayan ni kaɗai ba.

"Ka gani?" ya ce. "In na hau, na karya alkawarina, wataƙila in karya masa gwiwa. In na ƙi..." Ya tsaya ya dube ni. "Kai da kake karatu, me za ka yi?"

"Ni tuƙi nake yi, Misie."

"Matsoraci."

"Haka Fada ma ya ce."

Sauran kwana biyar ɗin ya ci gaba da hutunsa, don mutum ba ya iya yin baƙin ciki yini guda a cikin ruwan nan namu. Ya koyi cin urit da hannu. Ya ci wasan domino sau ɗaya, aka ce an bar masa ne, ya ce ko an bar masa zai rubuta wa matarsa. Ranar Laraba aka yi kiɗa a bakin kanti, Matant Noëlette ta ja shi rawa, ya taka mata ƙafa sau uku, ta ce gara laf. Amma kullum da la'asar sai in hango shi ya bi hanyar gidan mangwaro shi kaɗai, ba tafinta. Solange ta koma aiki, don haka ba wanda ya san abin da suke yi. Da na tambaye shi, ya ce yana riƙe wa dattijon bakin kwando ne yana saƙa. Ba sa magana. Wani lokaci Ton Rosaire yakan buge masa hannu idan ya riƙe ba daidai ba.

"Kun shirya ke nan?"

"Ban sani ba. Jiya ya daɗe yana kallon cikina, ya girgiza kai."

Ranar tafiyarsa Asabar ce, kuma dole mu tashi da ƙarfe bakwai na safe don ya samu jirgin sama. Na duba tun daren Juma'a na san ruwa zai janye a daidai lokacin. Na kai kwale-kwale na ɗaure a inda ya saba tsayawa, na tako zuwa gaɓa.

Ban taɓa ganin mutane da yawa haka a bakin ruwa da sassafe ba. Masu urit ba su tafi farauta ba. Masu domino sun zo, wai iska suke sha. Matant Noëlette ta cika wa baƙonta jaka da kwalaben yaji da zuma har ta ƙi rufuwa. Solange ma tana nan, ta zo a motar farko zuwa ƙarshen kwalta ta tako da ƙafa ta kan tudu, ta harɗe hannu a ƙirji.

Misie Wibe ya yi sallama da kowa, ya zauna a kan dutse ya saka takalman robarsa. Ya miƙe ke nan sai mutane suka dare.

Ton Rosaire ne, da gajeren wandonsa na aiki, ya ɗaure gwiwar hagu da wani shuɗin ƙyalle. Bai gai da kowa ba. Ya cire riga ya ajiye a kan dutsen da ya saba ajiyewa, ya ɗauki jakar baturen ya miƙo mini. Sannan ya je bakin ruwa, ya juya baya, ya rusuna, ya bubbuga kafaɗa sau biyu.

"Papa," in ji Solange.

"Ranar da zan bari, ni zan faɗa. Ba baƙo ba, ba likita ba."

"To yaushe?"

"Ki bari in sauke wannan tukuna."

Misie Wibe ya dubi Solange. Ta dubi bayan ubanta, ta daɗe, sannan ta saki hannuwanta ta juyar da kai gefe. Ya dube ni. Na ɗora jakarsa a kaina na dubi sama, don na riga na yi rantsuwa ba zan ƙara juya wa kowa magana ba a wannan safiya.

"Rosaire, ka yi wasiyya?" wata ta ɗaga murya.

"Na bar miki bakinki, ki ci gaba da fama da shi," in ji shi, bai juyo ba. Dariya ta tashi. "Clency, ka ce wa mai gada jirgi yana jira."

Wannan kam na juya.

Baturen ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi takun nan sittin, ya dubi ɗan farin kan da ke rusune a gabansa. Sai ya koma ya zauna a kan dutse, ya cire takalmin dama, ya cire na hagu, ya ɗaure igiyoyinsu wuri ɗaya ya rataya a wuya. Ya tako a hankali, ya tsaya a bayan dattijon.

"Rosaire Bégué," ya ce, ya nuna ƙirjinsa, "Wiebe Hoekstra."

"Na ji. Riƙe kafaɗa, ba wuya ba."

Ya hau. Ton Rosaire ya yi wani nishi, ya gyara shi sau ɗaya kamar buhun masara, ya sa ƙafar dama a ruwa. Dogayen ƙafafun baturen suna ja a cikin teku ta kowane gefe.

"Ka ce masa ya ɗaga ƙafa!" Ton Rosaire ya daka mini tsawa. "Goyo nake yi, ba noma ba."

Misie Wibe ya naɗe gwiwoyinsa sama, ya ƙanƙame kafaɗun, hularsa ta faɗa ruwa, bai ko waiwaye ta ba.